Telan da Ba Ya Yanke Ƙafar Wando

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wannan kowa ya faɗa ranar da Kawu ya rasu, har da waɗanda suka faɗa daga ƙofar gidajensu, ba su ko nemi takalmi sun tako ba.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna a farkon sakandare ya tsaya, sana'ata sayar da zare da maɓalli da zik a Kasuwar Litinin. Amma Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ya fara ɗinki a unguwarmu Fezzan tun kafin a haife ni, kuma na ga yadda aka sallace shi: sahu biyu, na biyun ma bai cika ba. Na kuma san sunan da ake kiransa da shi a bayan ido. Telan yaran daji, wato masu bindigar nan da suka koma daji. In ban rubuta wannan ba, sunan da zai bi shi ke nan, jikokinsa su taso su tarar da shi yana jiransu.

Mun aro tabarmi da yawa muka shimfiɗa a ƙofar gida, rana ta wuni tana dukansu babu kowa a kai. Wani tsoho da suka yi shekaru suna sallar asuba kafaɗa da kafaɗa ya zo, ya ɗaga hannu, ya shafa, ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Hannu dai yana da shi. Sai dai..." Ya bar maganar a nan, ya laluɓi sandarsa. Wani ɗan'uwanmu da ya taso daga unguwar Gomari ya sunkuyo kunnena ya ce, "Ba matsala dai in an gan ni a nan, ko?" Na ce, "Akwai. Tashi ka tafi." Ya kuwa tashi. Liman ya roƙi Allah ya yafe wa mamacin abin da ya shige masa duhu a kwanakin fitina. Na ce amin saboda addu'a ce, ba don na yarda akwai abin da ya shige masa duhu ba. Bulama, mai unguwarmu, ya aiko cewa ƙafa na damunsa.

Cikin gida kuwa babu wurin sa ƙafa. Mata ne har bakin murhu. Iya, matar Kawu, ta ce wasu ba su ko faɗi gidan da suka fito ba. Su kama hannunta, su yi kuka, su fita. Na ce, "Iya, su wane ne?" Ta ce, "Uwayen waɗanda ba su zo ba ne."

Bari in faɗi wane ne shi kafin in zo kan wannan.

Kawu ba ya son sabon ɗinki. Gyara ne aikinsa, gyaran ma na wando. Shagonsa ɗan zaure ne, keke ɗaya baƙi na ƙafa, benci, da dutsen guga na gawayi. In ka kai masa wandon da ya matse ka ko ya yi maka buhu, ba ya fara da tef. Sai ya ce ka shiga bayan labule ka sa, ka fito. "Tsuguna. Tashi. Yi ruku'u. Zauna kamar kana tahiya." Kana yi yana kallon inda yadin ke ja. In hantsa ce ta matse sai ya farke ta ya ƙara ƙyalle a tsakiya, yadda in ka buɗe ƙafa ba za ka ji ƙarar da ke kunyata mutum a masallaci ba. In ƙugu ne ya yi kaɗan sai ya saki ɗinkin baya. In ƙubaka ta yi siririya har zariya tana cin ciki, ya faɗaɗa ta. Ya kan ce wando ba don tsayuwa ake ɗinka shi ba, mai tsayuwa ko zani ya ɗaura ya isa.

Ni ƙafata ta hagu ta fi ta dama gajarta, kuma siririya ce, tun ciwon da na yi ina yaro. Duk telan da na kai wa, sai ya yanka ƙafafun daidai, ɗaya ta tsaya a idon sawu ɗaya tana sharar ƙasa. Da zan yi aure Kawu ya karɓi wandon ya ce, "Mai ƙafa ɗaya da rabi, tsaya daidai." Na ce, "Kawu, ai daidai ɗin ke nan." Ya yi dariya har allurar bakinsa ta faɗi. Ya ɗage ta hagun, ya sa mata shafi a ciki don ta yi nauyi kada iska ta riƙa kaɗa ta a kan ƙwaurin da babu nama. Ranar ɗaurin aure na tsaya cikin mutane, ƙafafun wandona biyu suka sauka wuri ɗaya. Wanda bai taɓa zama abin kallo ba, ba zai gane abin da aka yi mini ba.

Da Bulama kuwa wasa suke yi. Shi Kanuri ne, Kawu daga Kano iyayensa suka zo da shi, don haka Afuno yake kiransa, yadda suke kiran Bahaushe. Ya kan turo kai zauren ya ce, "Afuno, wandon nan naka ya tsuke." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, wando yana nan yadda na bar shi. Burabuskon da kake ci ne ya samu wurin zama." Bulama ya ce, "Bakinka ya fi almakashinka kaifi." Su sha shayi, a saki ƙugu, a rabu.

Ɗabi'arsa ɗaya da kowa ya sani: ba ya yanke ƙafar wando. Ka ce ya rage maka tsawo, sai ya kalmashe rarar a ciki ya bi ta da ɗinki. Mutane na ƙorafi ƙasan wandon ya yi kauri. Ya ce, "Yau gajere kake so. Ka san abin da za ka so baɗi? Wanda na yanke ba ni da inda zan samo maka shi." Har Iya ta kan ce rowa ce kawai, mutumin da ko zaren da ya faɗi ƙasa sai ya tsince.

Sai wa'azin nan ya shigo gari, samari suka fara ɗangale wando. Ina so a fahimce ni a nan, don masu magana yanzu sun manta. Ba duk wanda ya ɗangale wando ne ya ɗauki bindiga ba. Wasu wa'azi suka ji ya burge su. Wasu abokai suka bi. Wasu don budurwa ta kira su ustazu. Yaro ya zo ya nuna tsakiyar ƙwaurinsa ya ce, "Nan, Baba." Kawu ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Rafi za ka tsallaka?" Sannan ya kalmashe, kamar kullum. Sauran teloli suna ta yankewa suna zubarwa.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Aka hana hawa babur, aka cika titi da shingaye, mutum ya sauka daga keke ya ɗaga hannu sama ya wuce a ƙafa. Masu kaki ba su san ɗan wane da ɗan wane ba. Gemu suke kallo da ƙafar wando. Gemu reza ta gama da shi. Wando kuwa, talaka guda nawa gare shi? Wanda aka yanke wa ya shiga uku. Wanda Kawu ya kalmashe wa, uwarsa ta naɗe shi ta sa a ƙarƙashin hijabi ta kawo, Kawu ya farke ɗinkin, ƙafa ta sauko har idon sawu.

Amma wandon da ya daɗe a kalmashe yana barin layi. Wajen ya sha rana da sabulu ya koɗe, cikin yana nan da launinsa. Ko ka jiƙa ka goge sai layin ya nuna. Ba a jima ba masu shinge suka gane, suka fara cewa a ɗaga ƙafa a gani.

A lokacin ne Kawu ya fara sayen zare a wurina fiye da yadda ya saba. Na ce, "Kawu, biki za a yi?" Ya ja ni zaure ya nuna mini. A kan layin nan sai ya bi da ɗinkin ado, jeri biyu, da ɗan zane kamar haƙoran zarto a tsakani, ya ɓatar da inda launi ya rabu. Na ce, "To ai adon kansa zai zama alama." Ya ce, "In kowa yana da shi fa?" Ashe duk wandon da ya shigo zauren, ko maɓalli aka kawo a sa, sai ya yi masa adon nan a ƙafa, kyauta. Na tsoho, na ma'aikacin gwamnati, na ladan. Mutane suka ɗauka sabon yayi ne. Bulama ya sa nasa ya je ɗaurin aure yana nuna wa mutane aikin Afunonsa.

Mun yi faɗa ranar, ni da shi. Na ce, "Kawu, ka san waɗanda kake yi wa wannan?" Ya ce, "Na san uwayensu." Na ce, "Uwa ba ta san inda ɗanta ke wuni ba. Za ka jawo mana." Ya ce, "Kai ɗan nan, in na tsaya sai na tantance na kirki da na banza, kafin in gama an kwashe su duka. Kawo zaren ko in je wurin wani." Na kawo zaren.

Shekarar nan unguwarmu ta fi na kusa da mu ragowar samari. Ba ni da takardar da zan nuna. Ina da ido, na ga layukan da suka koma mata da tsofaffi, na ga namu.

Sai aka harbe ƙanen Bulama a ƙofar shagonsa, da rana tsaka. Aka kama yaron da ya yi. A ƙafar wandonsa akwai adon Kawu. Da aka juya cikin, ga tsohon layin kalmasa nan. Da wandon nan ya wuce shinge da bindigarsa a cikin buhun gawayi.

Kawu ya je gaisuwa, ba a matsa masa wuri a tabarma ba. Bayan kwana biyu Bulama ya zo da hantsi, wandonsa a hannu ɗaya, reza a ɗayan, mutane a bayansa. Ina wurin, na kawo zik. Bai ce Afuno ba. Ya ce, "Malam, ashe da ƙafata ka yi wa wanda ya kashe ƙanena rumfa."

Kawu ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi. Ban san zai yi haka ba, amma ni na ɗinka. Zage ni, tofa mini yawu, rufe zauren nan. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka farke."

"Don me?"

"In ka farke kowa zai farke. Waɗanda ba za su iya farkewa ba su za su rage da shi. Yara ne, Bulama. Yawancinsu ko kaza ba su taɓa yankawa ba."

Bulama ya ce, "Ƙanena fa? Shi kaza ne?" Ya zauna a bencin da suke shan shayi, ya bi adon da reza, yana yi hawaye na zuba, ya tara zaren ya zuba a kan keken Kawu ya fita.

Ba na zagin Bulama a kan wannan. Ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ni ne ban san abin da zan yi ba. Amma abin da Kawu ya faɗa shi ya faru. Kafin Jumma'a kowane mai mutunci ya farke nasa. Adon ya rage a ƙafar waɗanda in sun farke layi zai fito. Abin da ya ɓoye su ya koma abin da ke nuna su. An ɗauki wasu a makon nan. Ba su dawo ba.

A nan na fara ganin Kawu ya sa almakashi a abin da ba ya komawa. Uwar wani ɗan maƙwabcinmu ta shigo, bazawara ce, ɗanta tura ruwa yake yi a kura. Wando biyu gare shi, duka biyun da adon. Ya daina fita, su kuma in bai fita ba ba a ɗora tukunya. Kawu ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta idi, shuɗiyar shadda, ya shimfiɗa a ƙasa. Iya ta ce, "Malam, rigar idinka?" Ya ce, "Idi ya zo ya same ni da jamfa, ai ba zai koma ba." Ya fitar wa yaron da wando, sabo, babu layi babu ado. Sauran yadin ya ishi wani. Kafin wata ya ƙare babu babbar riga ko ɗaya a akwatinsa.

Daga baya samarin gari suka ɗauki gora suka fara nuna wa masu kaki gidajen da za a shiga. Sun yi aiki, ba na musu, da yawanmu saboda su muke barci. Ɗan maƙwabcin nan ya shiga cikinsu. Ranar da aka zo ɗaukar Kawu, bayan sallar la'asar, yana cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar zaure. Shuɗin wandon ne a jikinsa. Kawu ya fito, ya dube shi sau ɗaya, daga fuska zuwa ƙafa, ya kawar da kai. Shi kuma ya sami wani abu a ƙasa yana ta kallo.

An daɗe kafin a sako shi. Ya dawo hannunsa na dama yana rawa, rawar da ba ta tsaya ba har ya koma ga Allah. Abin da suka nema a wurinsa sunaye ne, duk wanda ya taɓa saukar wa ƙafar wando. Na ce, "Kawu, me ka ce musu?" Ya ce, "Na ce ni ƙafafu nake gani, ba na ɗaga kai." Bai ƙara magana a kan wurin ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Zauren ya mutu. Ba wanda ya hana kowa zuwa, kawai ba wanda yake so a gan shi yana shiga. Gari ya lafa, kasuwa ta dawo, aka yi ta aure da suna, mutane suna wucewa ta gabansa da wandunansu a leda za su kai wani layi. Ni na ci gaba da kai masa nawa. Sai in zura masa zare a allura, ya yi ɗinkin yana karkacewa, ya ba ni yana cewa, "Kai wa wani ya gyara, mai ƙafa ɗaya da rabi." In ce, "Ƙafar ma a karkace take, Kawu, sun dace." Haka nake sa su har yau.

Ranar sadakar uku, da na ga tabarmin nan kamar na ranar farko, na kasa daurewa. Liman na shafa addu'a na miƙe na ce, "Jama'a, ni na sayar da zaren. Na san kowane gida da aka fito da wando a ƙarƙashin hijabi. Ranar Jumma'a in an idar zan tsaya a ƙofar masallaci in kira su ɗaya bayan ɗaya, a ga ko telan yaran daji ne ko telan 'ya'yanku." Aka tashi, kowa ya kama gabansa. Amma kafin magariba maganar ta zaga Fezzan.

Washegari ɗan maƙwabcin ya zo rumfata a kasuwa. Yanzu ba ya tura ruwa. Mota gare shi, kwangila yake samu, in ana taron unguwa kujerarsa tana kusa da ta Bulama. Ya bar motar nesa ya tako shi kaɗai. Ya tsuguna kamar mai zaɓen maɓalli.

Ya ce, "Baba, ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri ya jira ka kwana uku a ƙofar gida, ba ka zo ba."

Ya ce, "Baba, don Allah kada ka kira suna. Ka san garin nan. Har yanzu magana ɗaya ta isa a ɗauki mutum. Ina da masu jin haushina. Ina da yara ƙanana."

Na ce, "To ba zan kira ba. Kai ka tashi ranar Jumma'a. Ba na so ka ce ya yi maka komai. Ka ce kawai, tsohon nan ba ya tare da su. Kai in ka faɗa za a ji."

Ya juya maɓalli a tafin hannunsa. Ya ce, "In na faɗa za a ce ta yaya na sani."

"Ka ce maƙwabcinka ne."

"Za a tono, Baba. Ba ka san su ba." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Wallahi ban manta ba. Kullum ina yi masa addu'a a sujada. Bari in aiko da buhun shinkafa a yi masa sadaka. Sai dai kada a ce daga wurina ya fito."

Na ce, "Ajiye maɓallin, ka tafi."

Jumma'a ta zo. Na yi salla, aka idar, na fito na tsaya a ƙofar masallaci. Na ga yadda ake neman takalmi da sauri. Na ga maza masu gemu da furfura suna bin ɗaya ƙofar. Sunayen suna bakina, a jere, har da na iyayensu. Sai na tuna an nemi sunayen nan a wurin Kawu da abin da ya fi fushina zafi, ya bar hannunsa a can bai bayar ba. Ba nawa ba ne da zan kashe. Na sa takalmina na tafi gida.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya sa kabarinsa ya yi masa daidai, kada ya matse shi ta ko'ina. Ya ba Iya haƙuri. Ya ji ƙan ƙanen Bulama, da yaran da aka ɗauka ba su dawo ba.

Ku kuma ku kwantar da hankalinku, babu sunan kowa a nan, ba kuma za a ji shi a bakina ba. Ku ci gaba da kiransa abin da kuke kiransa. Allah ne ya bar muku numfashin da kuke faɗa da shi, amma kun san ta hannun wa.